Ɗana Yana Kiɗan Kumburin Ciki: Ilimi Ne ko a Nemo Masu Ruƙiyya?

Tambaya daga wani dattijo a Garwa: Ɗana ya gama jami'a a Ngaundare ya dawo gida, ba ya rabuwa da kwamfuta. Daren cika-ciki ya zauna ya tashi da malmala huɗu da gangan, ya ɗora wata 'yar na'ura a cikinsa ya ɗauki kukan cikin, ya haɗa da wani kiɗa da duk sautinsa a karkace yake kamar fiyanon ya lalace. Minti goma sha ɗaya ana abu ɗaya. Mahaifiyarsa ta saurara ta ce zuciyarta na tashi. Shi kuwa ya ce haka ake so, wai sunan abin maikurotonal, kuma a duniya ana yi. Ni tun asali kiɗa bai dame ni ba. Abin da nake so in sani, wannan ilimi ne, ko yaron addu'a yake buƙata?

Alhaji, Allah ya ƙara girma. Addu'a kam kowane ɗa yana buƙata, kada a fasa. Amma a kan wannan kiɗan hankalinku ya kwanta. Fannin yana nan, ya girme ni ya girmi yaron, kuma tashin zuciyar da Hajiya ta ji yana da dalilin da za a iya lissafawa da alƙalami. Shekarata ashirin da 'yan kai ina ɗaukar sauti ina gyarawa a nan Garwa, tun daga masu algaita har yaran da ke waƙar biki da fiyano. Ko ɗanku ya iya abin ko shirme ya tara, wannan magana ce daban, kuma akwai yadda za ku gwada shi ba tare da kun san kiɗa ba. Sai dai a fara daga tushe.

Idan namiji da mace suka rera waƙa ɗaya tare, muryarta tana sama tasa tana ƙasa, amma kunne yana jin abu ɗaya suke yi. Dalilin shi ne muryarta tana kaɗa iska ninki biyu na tasa: in tasa sau 220 a daƙiƙa, tata sau 440. Wannan tazara daga sauti zuwa ninkinsa Turawa suna ce mata oktaf, ni kuwa nakan ce wa yarana zango. Tsakanin farkon zango da ƙarshensa babu matakala da aka halitta. Gangara ce sumul, mutane ne suke sassaƙa wurin sa ƙafa a jikinta, kowace al'umma da nata. Turawa sun yanka zangon gida 12 daidai wa daida, su ne fararen maɓallai bakwai da baƙaƙe biyar da ke ta maimaituwa a fiyano. Duk kiɗan da ya sa ƙafa a tsakanin waɗannan matakai, ko ya raba zangon gida 19 ko 24 ko 31, shi ne maikurotonal, wato mai ƙananan taki. Wani ɗan Ingila, Alexander Ellis, ya fito da ma'auni a shekarun 1880: kowane taki na fiyano kashi 100 ne, zango duka 1200. Sunan kason sent, wanda in ya shiga bakin Bahaushe sai ya koma santi, kuma tun da maganar abinci muke yi na bar shi a haka.

Ga abin da masu sayar da fiyano ba sa faɗa: shi kansa fiyanon a karkace yake. Sauti biyu suna zama lafiya da juna ne idan kaɗawarsu ta faɗa kan ƙaramin lissafi, wannan uku wancan biyu, ko wannan biyar wancan huɗu. Sauti mai 220, abokin zamansa na biyar da huɗu shi ne 275. A je fiyano a nemi 275, babu shi. Abin da zai bayar 277 ne da ɗoriya, ya zarce da santi 14. Masu ƙera shi sun san da haka, da gangan suka yi don maɓalli goma sha biyu su ishi kowace waƙa daga kowane mataki aka ɗauko ta. Sun raba kuskuren kowa ya ɗauki kaɗan, yadda 'yan tarayya ke raba asara. Sabo ne kawai ya kama kunnenmu, musamman a shekaru talatin ɗin nan da fiyano ya cinye waƙar Hausa, sannan manhajar Auto-Tune, wadda ta fito a 1997, ta zo tana fizgar muryar mawaƙi tana dasa ta a kan mataki mafi kusa ko ya so ko ya ƙi.

Ni da kunya na koyi wannan darasi. Farkon buɗe situdiyona wani tsoho mai goge ya zo daga wajen Pitowa ya ɗauki waƙa uku. Da ya tafi na duba allon kwamfuta, sai na ga akwai wani sauti nasa da kullum yake faɗawa tsakanin layi biyu, ya wuce na ƙasa bai kai na sama ba. Na ce tsufa ne, yatsa ya fara rawa. Na kwana ina gyara masa, sauti bayan sauti, har asuba. Washegari na kunna masa ina jiran sa albarka. Ya saurara har ƙarshe, ya tura hula gaba ya sosa ƙeya, ya ce, “Yaro, wa ya yi wannan? Hannunsa da kyau, amma ba ɗan gidanmu ba ne.” Na koma kan na asalin na auna. A waƙa ukun ya taɓa wannan sauti fiye da sau arba'in, kuma duk wuri ɗaya yake sauka, bambancin bai wuce 'yan santi ba. Mai kuskure ba ya kuskure a wuri ɗaya sau arba'in. Matakin gidansu ke nan, allona ne ba shi da layi a wurin.

Goge ba shi da maɓalli, izga ce da yatsu. Mai kalangu yana matse igiyoyi a hammata sautin ya hau ya gangaro yana bin karin harshe, ba ya tsalle daga mataki zuwa mataki. Mai algaita a ƙofar Lamiɗo yana lanƙwasa sauti da numfashi. Can duwatsun Mandara wajen Mora, mutanen Uldeme suna busa sarewa a ƙungiya, kowa da ɗan sautinsa ana saƙawa, kuma wata Bafaranshiya mai suna Nathalie Fernando ta daɗe tana nazarin matakansu, waɗanda ba sa zama a kan layin fiyano. Ku ma da kiɗa bai dame ku ba, Alhaji, kun san ƙananan taki sarai. Ba haɗa karatun Alƙur'ani da kiɗa nake yi ba, Allah ya kiyaye, hawa da saukar murya kawai nake nufi. Makarantan Masar irin su Abdulbasit da Minshawi suna bin hanyoyin murya da Larabawa ke kira maƙama. A Bayati, wadda aka saba buɗe karatu da ita, takin farko kusan santi 150 ne, ɗaya da rabi na fiyano. A Rast mataki na uku yana wajen 350, tsakanin 300 da 400. Ko an tsaga fiyanon Bature ba za a same su ba, shi ya sa kamfanoni irin su Yamaha da Korg suke ƙera na musamman don kasuwar Larabawa, mai wasu maɓallai da ke sauke sauti da rabin taki. A 1932 ma an tara masana a Alƙahira, zamanin Sarki Fu'ad, aka yi ta jayayya ko a raba zango gida 24 daidai, aka watse ba a daidaita ba, don inda Bamasare ke sa ƙafa ba nan Baturke ke sawa ba. Kun taɓa jin zuciyarku ta tashi da karatun Minshawi? To ƙaramin taki shi kaɗai ba ya tayar da zuciya. Sai an nufa.

Su Turawan da yaron ke nufi, mutane ne da gida goma sha biyu ya yi musu ƙunci. Alois Haba na ƙasar Cek ya rubuta wasan kwaikwayo na waƙa gaba ɗaya da rabin taki, aka nuna shi a Munik a 1931. Julian Carrillo na Meziko ya sa aka ƙera masa fiyano mai maɓalli 97 wanda daga wannan ƙarshe zuwa wancan zango ɗaya tak yake ci. Harry Partch na Amurka, wanda ya yi yawon gararamba a jiragen ƙasa lokacin matsin tattalin arziki na shekarun 1930, ya raba zango gida 43, da ya ga babu kayan kiɗan da za su ba shi sai ya ƙera nasa da katako da manyan kwalabe da kwankon harsashin igwa. A da sai mai irin wannan taurin kai. Yanzu kowane yaro mai kwamfuta yana sauya lissafin matakan a cikin minti biyu, kuma wannan sauƙin shi ne alherin abin, shi ne kuma masifarsa.

Yanzu ga abin da ya sami Hajiya. Kun taɓa zama tsakanin shaguna biyu da kowanne ya tayar da janareta bayan an ɗauke wuta? Kowanne shi kaɗai ƙara ce miƙaƙƙiya. Su biyu tare kuwa sai a ji wuu, wuu, wuu, ƙarar tana kumbura tana sacewa. Injinan biyu gudunsu ya kusa zama ɗaya amma bai zama ba, don haka wani lokaci suna tura iska tare ƙarar ta ƙaru, wani lokaci ɗaya na turawa ɗaya na ja su kashe juna. Lissafinsa ko ɗan firamare zai yi: a debe ƙarami daga babba. Sauti mai 440 da mai 444, kumburi huɗu a daƙiƙa. A ɗaga na biyun har ya zarce na farko da rabin taki ya zama 453, sai a sami 13, kamar makyarkyatar mai zazzaɓi. In ya kai wajen 30 kunne ya daina ƙirgawa, sai dai ya ji gurza kamar ana jan kwano a kan siminti. Bajamushe Helmholtz ya bayyana wannan tun 1863, wasu masana biyu a Holan, Plomp da Levelt, suka ƙara nuna a 1965 cewa abin ya danganta da kaurin sautin. A sautuka masu kauri kunne ba ya iya raba maƙwabta da kyau, shi ya sa haɗin da yake garau a sama in an sauke shi ƙasa sai ya dagule kamar ruwan Binuwai a watan Agusta.

Wurin da abin ya haɗu da ciki shi ne wannan. Tumbin mutum yana da nasa kiɗan. Naman jikinsa yana matsewa kusan sau uku a minti, wato sau ɗaya duk daƙiƙa 20, yana tura abinci gaba, kuma likitoci sun auna cewa lokacin tashin zuciya wannan tsari yakan rikice. Ƙugin da ake ji kuwa iska ce da ruwa ake turawa ta cikin hanji. To mai haɗa kiɗa in yana so, sai ya ɗauki sauti mai kauri, a ce 110, ya aje masa ɗan'uwa a 110.05. Tazarar ba ta kai santi ɗaya ba, babu kunnen da zai ji su a matsayin sauti biyu. Abin da za a ji shi ne abu ɗaya mai nauyi yana tasowa a hankali yana komawa, sau ɗaya duk daƙiƙa 20, daidai tafiyar tumbi. Ya ƙara buɗa su zuwa 110 da 113, sai juyin ya koma sau uku a daƙiƙa, kamar murɗa. Fiyano ba zai iya ko ɗaya daga cikin biyun ba, domin maƙwabcin 110 na sama mafi kusa a wurinsa yana wajen 116 da rabi.

A ganina wannan ne ya sa masu ƙananan taki suke son batun ƙoshi, kuma suna da hujja. Ƙoshi loma-loma yake zuwa. Ku tuna daren cika-ciki a gidanku: tuwon dawa, miyar yakuwa da man shanu, ga abin da aka adana na ragon layya an fito da shi. Lomar farko da ta arba'in tuwo ɗaya ne, miya ɗaya, hannu ɗaya. Babu lomar da mutum zai nuna ya ce a nan daɗi ya ƙare wahala ta fara. Saƙon ƙoshi yakan ɗauki kusan minti 20 kafin ya isa kai, kafin nan an riga an wuce gona da iri. Jakar da lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ke isarta an cusa mata ninkin haka, ta tokare numfashi, ƙwarnafi ya taso maƙogwaro, mutum ya kwance mazagi ya jingina da bango yana gumi yana kallon sauran malmalar kamar abokiyar gaba. Ta yaya za a faɗi wannan da kiɗa? Fiyano tsalle kawai ya iya, daga mataki zuwa mataki, kowa ya ji an canza. Mai ƙananan taki kuwa zai fara da haɗi mai tsabta, irin 220 da 275 ɗin nan, wanda ya fi na fiyano zaƙi. Ya yi ta maimaita jimla ɗaya, amma kowane zagaye ya zame da santi uku. Yawancin mutane ba sa lura da canjin da bai kai santi biyar ba. Bayan zagaye 33 an sauka kusan taki guda, sautukan da suka fara da zaman lafiya suna gogar juna, an yi ta ƙara sabbi a kai ba a cire na da ba, wurin ya cushe, kuma mai sauraro ba zai iya cewa ga inda abin ya lalace ba. Zai dai ji nauyi. Akwai ma wata dabara da Roger Shepard ya fito da ita a 1964, Jean-Claude Risset na Faransa ya mayar da ita mai sulɓi, inda sauti ke ta gangarowa ba ya isa ƙasa har abada. Wasu in sun ji ta a abin kunne sai jiri ya ɗebe su.

Rabin tashin zuciyar Hajiya ke nan. Ɗaya rabin ƙyama ce zalla. Kunnen ɗan Adam ya san ƙarar cikin wani, kuma ba ya so. Wani malami a Jami'ar Salford ta Ingila, Trevor Cox, ya sa sauti 34 a intanet mutane su zaɓi mafi muni, aka kaɗa ƙuri'a fiye da miliyan ɗaya, da aka fitar da sakamako a 2007 ƙarar amai ce ta zo ta ɗaya. Uwa kuma da ta san cikin ɗanta ne, ai abin ya zama biyu. Labarin da yara ke yaɗawa cewa akwai wani sauti mai kauri da ke sa mutum zawo nan take, wannan kam tatsuniya ce, an gwada ba a samu ba.

Kuna iya cewa, to duk abubuwan duniya a rasa na yi wa kiɗa sai kumburin ciki? Alhaji, kun fi ni sanin 'yan kama. Mutum ya ɗauki waƙar da kowa ya sani, ko salon wa'azin malami, ya juye kalmomin su koma tuwo da miya da fura, kasuwa ta yi ta dariya. Rabin tatsuniyoyinmu haɗamar Gizo ce da zarin Kura. Muna da kalmar santi, wadda sai an yi dogon bayani kafin baƙo ya gane ta, muna da wata sukutum da muka sa wa suna cika-ciki. Batun namu ne tun kaka da kakanni. A waje ma tsohon abu ne a sa wahalar jiki a kiɗa. A 1725 Marin Marais, makaɗin fadar Faransa, ya wallafa wani kiɗa na gogen Turawa da ke bin aikin cire tsakuwa daga mafitsara daki-daki, zamanin da babu allurar kashe zafi: rawar jikin majinyaci da ya ga kayan aiki, ɗaure shi, yanka, fitowar tsakuwa. A Biyana akwai ƙungiya tun 1998 da ke fafe karas da kabewa su yi sarewa da ganga, in an tashi su raba wa jama'a miyar kayan lambu. Matthew Herbert na Ingila ya fitar da faifai a 2005 da ya gina da ƙarar abinci, har da ta mutum fiye da dubu uku suna gatsar tufa, don sukar yadda manyan kamfanoni ke sarrafa abin da mutane ke ci.

Sai dai akwai wani abu da nake so yaron ya yi tunani a kai, kuma ku ne za ku fi iya faɗa masa. Baturen da ke kiɗan cin wuce ƙima yana maganar cutar kullum ce, ta ƙasar da abinci ya yi yawa har ya zama damuwa. Mu namu ƙoshin yana da ranaku: layya, buɗa-baki, biki, cika-ciki. Tsofaffi sukan ce wanda bai ƙoshi a daren nan ba haka zai ƙare shekarar, kuma wanda ya taɓa ganin watan Agusta a ƙauye kafin dawa ta nuna ya san daga ina maganar ta fito. Wanda ya cika ciki a nan yana ci ne da tunanin gobe a ransa. In kiɗan ɗanku ya san da wannan, ya faɗi abin da na Landan ba zai iya faɗa ba. In kuwa kwaikwayon ƙyamar Bature kawai ya yi da tuwon mahaifiyarsa, ya ari riga ce da ba ta kai masa gwiwa ba.

Gaskiya kuma, yawancin abin da ake sakewa a intanet da wannan suna hanjin jimina ne, akwai na ci akwai na zubarwa, na zubarwar ya fi yawa. Yaro ya danna gida 31 don lambar ta burge shi, ya yi ta dukan maɓallai, ya ɗora gyatsa a kai, in an yi magana ya ce ba a waye ba. Ku gafarce ni, tusa ba ta hura wuta. Ga yadda za ku bambance. Ku ce ya kashe duk ƙarar cikin da ya ɗauka ya bar kiɗan tsura. In har yanzu kuna jin abin yana farawa da daɗi yana yin nauyi a hankali, yaron ya san aikinsa. In kuwa da cire ƙugin sai ya zama hayaniyar da farkonta da ƙarshenta ɗaya ne, ƙugin ne ke ɗauke da shi, kuma ɗan kama ya fi shi fasaha. Ku tambaye shi gida nawa ya raba zango, don me wannan ba wancan ba. Mai sani zai ɗauki takarda ya rubuta lambobi har ku gaji, marar sani zai ce haka ya ji a ransa. Sannan gwajin tsohon nan na Pitowa: ku nuna wani wuri a minti na shida ku ce ya sake yin irinsa yanzu a gabanku. Abin da aka nufa yana maimaituwa.

Inda ya kamata ku sa ido wuri biyu ne, kuma ba ƙwaƙwalwarsa ba ce. Na farko kunnensa. Masu wannan aiki suna kwana da abin kunne, kuma sauti mai kauri yana sa a yi ta ƙara murya ba a sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce awa 40 a mako a kan sautin da ƙarfinsa ya kai desibel 80 (ma'aunin ƙarfin sauti ke nan), kuma duk ƙarin desibel uku yana raba lokacin biyu. In kuna tsaye a bakin ƙofa kuna jin abin da ke cikin kunnensa, ya yi yawa. In ya fara jin ƙara kamar ta gyare bayan ya cire, a kai shi a duba. Na biyu cin. Malmala huɗu sau ɗaya a shekara ba ta kashe saurayi, amma in ya mayar da shi sana'a, ko yana tilasta wa kansa amai don ya ɗauka, a tsawatar. Hadisin kashi ukun ciki kun fi ni haddace shi. Ta fuskar aiki ma wahalar banza ya sha, domin cikin da babu komai ya fi kuka. Hanji yana yin wata shara mai ƙarfi duk bayan awa ɗaya da rabi zuwa biyu idan babu abinci, ita ce ƙugin mai azumi da la'asar. Da ya tambaye ni, da na ce ya tashi da safe bai karya ba, ya sha ruwa kofi ɗaya, ya kwanta rigingine ya ɗora na'urar ƙasa da cibiya.

Tambayar da ba ku yi ba amma na san tana ranku: zai ci abinci da wannan? Da shi kansa kiɗan, a'a. Babu uwar amarya a Garwa ko Marwa da za ta biya a tayar wa baƙinta zuciya. Amma kunnen da ya iya jin santi biyar kunne ne mai tsada. Masu fim suna neman wanda zai sa ɗan kallo ya ji tsoro ko damuwa ba tare da ya san daga ina ba, kuma wannan ita ce sana'ar. Akwai kuma aikin da ya fi wannan a ƙofar gida. Tsofaffin masu goge da algaita da garaya suna ƙarewa, yaran da ke gadon waƙoƙinsu suna koyo ne a fiyano, matakan gidajensu suna bin su kabari ɗaya bayan ɗaya. Yaron da ya san lissafin nan shi ne zai iya zama gaban tsoho ya ɗauka ya auna ya rubuta ba tare da ya yi masa irin gyaran da na yi ba. Ranar hawan Salla ku tura shi ƙofar fada da na'urarsa ya tsaya kusa da masu algaita.

Kiɗan cikin kuma ku ce ya kawo mini situdiyo ranar Asabar. Ya zo da hantsi, kafin a kawo mini abincin rana.